Maɗacin Bayan Katanga

Abu uku ake gani daga gadon Keturah: silin da ruwan daminar bara ya ɓata, katangar da mijinta ya ƙara wa layin bulo biyar, sai kan maɗaci. Gindin ba ya ganuwa, katanga ta rufe shi. Kan kaɗai ke leƙowa, kore shar, ya cika rabin taga. Shekara bakwai da 'yan watanni ke nan tana kwance a ɗakin nan na unguwar Damilu a Jimeta, tun ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da ita a bakin murhu. Labarin duniya kuwa a rabin tagar nan take samunsa. Ta san kurciyar da ke fara kuka da safe, ta san reshen da ƙadangare ke shan rana a kai. Idan iska ta taso daga wajen kogin Binuwai, ganye ne ke fara gaya mata kafin labule ya motsa. Kowace shekara kuma, gab da ruwan farko, shamuwa ke sauka su yi sheƙa a can ƙoli, sai ta ce wa mijinta baƙinta sun iso, kamar ita ta aika musu kuɗin mota.

Mijin nata, Apollos, ya yi shekara talatin da biyu yana aikin gandun daji, ya bar aiki da takardar yabo da ciwon gwiwa. Ya san sunan kowace bishiya a harsuna huɗu, har da Latin, ilimin da bai taɓa hana kowa sare ko ɗaya ba. Shi ma ba ya zuwa ko'ina. Shi ke juya ta sau shida a rana don kada bayanta ya yi gyambo, shi ke mata wanka, shi ke dama kunu. 'Yarsu Debbie tana aiki a Abuja, tana bugo waya ranar Lahadi bayan coci ta ce a sa fanka. Wuta kuwa sai ta ga dama take zuwa. A watan Maris, lokacin da Jimeta ke dafa mutane a cikin kwanonsu, inuwar maɗacin nan ce ke sauka a kan rufin ɗakin daga ƙarfe ɗaya har yamma. Apollos ya taɓa auna bambancin da ma'aunin zafi: ɗakin Keturah ya fi falo sanyi da digiri shida. Ya gaya mata, ta ce bayanta ya riga ma'aunin sani.

Da can bishiyoyi goma sha biyu ne a filin bayan gidan, darbejiya goma sha ɗaya da maɗaci ɗaya. A shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan ta'adda, mutane suka kwararo Yola da katifu a ka da yara a baya, wasu suka yi watanni suna kwana a ƙarƙashin bishiyoyin nan. Ba su da kuɗin kemis, ga zazzaɓi ga ciwon ciki, sai suka koma ga abin da suka sani daga gida, wato sassaƙen maɗaci. Ƙa'idar kuwa kowa ya gaje ta daga kakarsa: ta gabas ake sassaƙa da ta yamma, can ne magani yake. Kafin su watse, gabas da yamma sun zama farin itace tun daga gwiwa har inda hannun dogon mutum ke kaiwa. Apollos bai hana su ba. Me zai ce wa matar da ta tako daga Michika da ƙafa?

Shekarar da ta biyo baya bama-bamai suka tashi a Jimeta. Unguwa ta kafa kwamitin tsaro, aka ba Apollos sakatare saboda rubutunsa yana karantuwa. A zama na biyu aka yanke shawarar sare bishiyoyin filin, wai maɓoya ce. Ba a taɓa jin an kama kowa a kan darbejiya ba, amma mutanen da suka firgita suna bukatar abin da za su iya sarewa, kuma darbejiya ba ta ramawa. Da hannunsa ya rubuta shawarar. Abin da ya iya ceto shi ne maɗacin, da hujjar cewa idan ya faɗi zai rushe katangu uku, ciki har da ta Jauro Bakari, mai unguwa. A watan ne kowa ya ƙara tsawon katangarsa ya dasa fasassun kwalabe a kai. A watan ne kuma Keturah ta yi awa biyar tana neman Debbie a asibitoci bayan wata fashewa, ta same ta lafiya lau a gidan ƙawarta, ta dawo gida, bayan kwana biyu ta faɗi.

Ta arewa kuwa wutar bola ce ta cinye ɓawon maɗacin, don da bishiyoyi suka tafi filin ya zama juji. Abin da ya rage shi ne tsiri ɗaya ta kudu, wajen da ke kallon katangar Apollos, faɗinsa tafin hannu ɗaya da yatsu biyu. Kullum da safe, bayan ya juya matarsa, sai ya zagaya ya ɗora hannunsa a kai ya auna. Ya san abin da sauran unguwar ba su damu su sani ba. Ruwa ta cikin itace yake hawa, amma abincin da ganye ke dafawa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Duk girman bishiyar nan, ta wannan tsirin take ci. Ya kafa allon gargaɗi da Hausa da Fulatanci da Turanci, wani ya ɗauke shi ya toshe ramin kejin kajinsa. Daga nan ya sayo ƙayar aduwa dami biyu ya ɗaure ta da waya a kan tsirin, aka samu shekara shida ba wanda ya taɓa.

A ƙarshen Fabrairu ciwon ciki ya kama Keturah. Kwana huɗu ba ta riƙe ko kunu. Rana ta biyar Apollos ya roƙi Ruƙayyatu, matar maƙwabcinsa, ta zauna da ita, shi kuma ya hau keke mai ƙafa uku zuwa cikin garin Yola don ganin likita da karɓo magani. Layi ya cinye masa yini. Sai bayan la'asar ya dawo, kuma tun daga bakin get ya ji warin. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan ɗacin da ke shiga hanci kafin ya kai harshe.

Maƙwabcin, Hamajoɗa, yana zaune a benci a tsakar gida. Tsohon direban tirela ne, ɗan asalin cikin garin Yola, mai Hausar da ba ta raba mace da namiji, ya girmi Apollos da shekara takwas, kuma su biyun sun shafe shekara ashirin suna gardama a kan komai, daga siyasa har yawan gishirin miya. Ga ɗan gatari a jingine da ƙafarsa, ga tukunya tana tafasa a kan gawayi.

"Mai Gandu, ka dawo? Jam na?" in ji shi, ya haɗa da gaisuwar Fulatanci. "Asibitin naku sun ba ka magani ko sun ba ka takarda ka dawo gobe?"

"Bappa, mene ne a tukunyar nan?"

"Abin da ya kamata ka yi tun kwana huɗu. Madam ya ce wa Ruƙayya, can garinsu Demsa idan cikinsa ya murɗa, mamansa maɗaci yake dafa masa. Na ce to, ga maɗaci a bayan gida, mijin yana can yana bin layin Bature."

"Ina ka samo?"

"Ina kuwa? Wurin ajiyarka." Hamajoɗa ya yi dariya, ya nuna yatsunsa da ƙaya ta farfasa. "Kai ma mugu ne, wallahi. Wannan ƙaya kamar kana tsaron banki. Amma na gane ka tuntuni. Na ce wa mutane kowa ya cire ido a wannan gefen, mutumin nan don matarsa yake ajiye shi. Shekara shida ina kore maka yara. Yau ranarsa ta zo."

Apollos ya ajiye ledar magani a kan benci, ya fita, ya zagaya katanga. Ƙayar tana gefe, an tattara ta da kyau, an ma naɗe wayar an rataye a ƙusa. Hamajoɗa ba ya aikin ha'inci. Ya sassaƙe tsirin daga gwiwa har ƙirji, bai bar ko zare ba, farin itacen yana naso. Apollos ya ɗora hannunsa a wurin kamar yadda ya saba. Ya zagaya bishiyar sau ɗaya yana shafawa, hannunsa bai ci karo da komai ba har ya dawo inda ya fara.

Ya ɗaga kai. Kore shar, ko ganye ɗaya bai san abin da ya faru ba.

Da ya koma ciki, Hamajoɗa yana tace ruwan da rariya cikin kofi.

"Me ya faru da fuskarka? Ko na ɗebo da yawa? Zai sake tsirowa ai, itace ne."

Apollos yana da jawabi na minti arba'in a kan wannan, wanda ya sha yi wa ɗalibai da ciyamomin ƙananan hukumomi. Ya dubi yatsun tsohon masu jini, ya karɓi kofin.

"Useko, na gode, Bappa," in ji shi. "Ka sha wahala."

Keturah ta sha rabin kofi tana yamutsa rabin fuskar da ke motsi, ta ce wannan shi ne ɗacin gidan uwarta. Apollos ya ba ta ƙwayoyin asibiti a kai. Bayan kwana biyu ta ci tuwo. Unguwa ta ce maɗaci ne, likita ya ce ƙwaya ce, Hamajoɗa ya yi sati yana tafiya kamar ya ci zaɓe.

Akwai dabara ɗaya da Apollos ya karanta a makarantar gandun daji, bai taɓa ganin an yi ta a bishiya mai wannan girman ba. Ya yanko 'yan rassa masu kaurin yatsa, ya fiƙe kowanne baki biyu, ya cusa baki ɗaya ƙarƙashin ɓawon sama, ɗaya ƙarƙashin na ƙasa, ya zama kamar gada a kan raunin. Ya ɗaure su da robar tsohon tayar keke, ya toshe bakunan da narkakken kyandir. Guda tara ya yi, cikin safiya uku, tsakanin juyi da juyi. Ko uku suka kama, bishiyar za ta ci abinci.

Rana ta takwas ya zo ya tarar babu ko ɗaya. Wata mata ce ta ga sanduna tara a jere da baƙar roba da kyandir a jikin bishiya, a bayan gidan da mara lafiya ta tashi daga ciwo cikin kwana biyu. Kafin azahar magana ta kai wajen Jauro Bakari cewa tsafi ne. Liman da fasto, waɗanda ba su taɓa yarda da juna a kan ko lokacin kunna lasifika ba, suka yarda cewa abin bai dace ba. Aka cire aka ƙona, aka yi addu'a iri biyu. Jauro ya zo da kansa ya ce wa Apollos cikin ladabi, ya san ba da mugun nufi ba ne, amma mutum mai ilimi kamarsa, dattijon coci kuma.

"Ranka ya daɗe, dashe ne. Aikin gona ne."

"Na sani, Malam Apollos, na sani. Amma a bar shi haka."

Lokacin dashen ma ya wuce, zafi ya riga ya busar da bakin ɓawon.

Shamuwa suka zo a ƙarshen Afrilu kamar kullum. Keturah ta ƙirga sheƙa bakwai, ta ce bana baƙin sun zo da dangi. Damina ta yi kyau, bishiyar ta yi fure fiye da kowace shekara, har ƙamshin yana shigowa ɗaki. Apollos ya san dalilin: abincin da ya kasa sauka ne ya taru a sama. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Ka gani, Mai Gandu? Da kana ta tsoro." Shi kuwa yana zuwa kowace safiya ya tsaya a gindin, ba abin aunawa, ya koma ya dama kunu.

A Janairu ganyen ya fara yin rawaya daga ƙoli. A Fabrairu ya zube.

"Baban Debbie, bana ganyen ya yi latti."

"Haka maɗaci yake yi wani lokaci. Yana hutawa."

"Shekara nawa muna nan bai taɓa hutawa ba?"

"Tsufa ne. Ni ma da ba na barcin rana."

Maris ya zo ya same su ba inuwa. Daga ƙarfe ɗaya kwanon ke fara ƙara kamar ana taka shi, zafi ya sauko ta silin ya zauna a kan gadon. Apollos ya jiƙa zannuwa ya rataya a taga, sai ta ce ya cire, sun rufe mata waje. Ya cire. Ya shimfiɗa buhunan shinkafa a kan rufin, iska ta kwashe. Ya so ya mayar da ita falo, amma tagar falo katanga kawai take kallo, ta ce gara ta dahu tana ganin sama. Bayanta ya fara ja a wurare biyu, ya mayar da juyin sau tara a rana. Kurciyar safe ta koma wani wuri. Keturah ta daina ba shi labarin taga, ta rage magana, ta rage ci. Wata rana da tsakar rana ya shigo ya same ta ido buɗe tana kallon busassun rassan, ya kira ta sau biyu kafin ta amsa.

"Ka zauna," in ji ta. "Gwiwarka tana damuna da ƙara."

Ya zauna a bakin gadon.

"Ruƙayya ta gaya mini tun kafin Kirsimeti. Jikanta da ke karatun aikin gona ne ya ga gindin ya yi musu bayani. Ta zo nan tana kuka, ni da ba na iya ɗaga hannu ni na rarrashe ta. Bappa ya yi kwana uku bai ci abinci ba. Ba ka lura ya daina zuwa gardama ba?"

Ya lura. Ya ɗauka ciwon ƙafa ne.

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Kana ta ƙoƙari da ƙaryarka, na ce bari in ga inda za ta kai ka. Yana hutawa!" Rabin bakinta ya yi abin da ya rage mata na dariya. "Ni na ce ina son maɗaci, Baban Debbie. Ni na sha shi."

"Rabin kofi kika sha."

"To, rabin kofi."

A tsakiyar Afrilu wani reshe ya karye ya fasa kwalaben katangar Jauro. Kwamitin tsaro, wanda bai zauna ba tun shekara biyar, ya zauna. Wannan karon suna da gaskiya, kuma Apollos ya fi kowa sani: busasshen maɗaci mai wannan tsawon, idan guguwar farkon damina ta same shi, ɗakin Keturah ne mafi kusa. Wani mai sana'ar katako daga Mbamba ya riga ya zo ya zagaya gindin sau biyu yana lissafi da ido. Aka sa ranar Asabar. Aka nemi sakatare ya rubuta, ya rubuta.

Ya gaya mata da yamma. Ta ce, "Idan sun sare, me zan gani?"

"Sama."

"Da tankin ruwan Jauro."

"Da tankin."

Ranar Alhamis da hantsi yana wanke zannuwa ya ji ta kira shi da wata murya da ya manta tana da ita. Ya shigo da kumfa a hannu. A can ƙoli, a kan reshen da ba ganye ko ɗaya, shamuwa biyu ne tsaye, ɗaya da kara a baki. Kafin yamma sun zama shida. Tsoffin sheƙunansu suna nan, kuma da alama rashin ganye bai dame su ba.

Asabar da safe mai katako ya iso da injin yanka da igiyoyi da mutum uku. Apollos ya zagaya ya same su tsaye cirko-cirko. Hamajoɗa ya shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar, ya jingina bayansa daidai inda ya sassaƙe, ga butarsa ga rediyonsa. Ya rame. Bai dubi Apollos ba.

"Bappa, ka tashi mana, aiki za a yi," in ji Jauro Bakari.

"Jauro, ɗaga kanka. Me ka gani?"

"Na gani, amma..."

"A gidan ubanka an taɓa sare itacen da shamuwa ya yi gida a kai? A gidan uban wa aka taɓa yi? Kai mai inji, daga ina kake?"

"Garin Ganye, Baba."

"A Ganye kuna yi?"

Mai injin ya dubi sama, ya dubi injinsa, ya ce gaskiya shi ba zai fara ba, yana da yara ƙanana. Jauro ya juya wajen Apollos, mutumin ilimi, wanda ya rubuta shawarar da hannunsa, ya tambaye shi ko bishiyar za ta kai ƙarshen damina.

Apollos ya san amsar da littafi zai bayar. Saiwar ta shekara guda ba abinci. Ya san nauyin kowane babban reshe, ya san ta inda guguwa ke zuwa, ya san inda gadon yake.

"A rage rassan da ke kan rufina guda biyu, waɗanda ba sheƙa," in ji shi. "Sauran zai kai."

"Ka tabbata?"

"Ranka ya daɗe, shekara talatin da biyu na yi a wannan aikin."

Aka rage rassa biyu, aka ɗage sauran aikin sai baƙin sun tashi. Da mutane suka watse, Hamajoɗa ya naɗe tabarmarsa, har yanzu bai ɗago ido ba.

"Mai Gandu."

"Bappa."

"Da ka rubuta a allon nan dalili, da na karanta."

"Allon yana kejin kajinka."

Tsohon ya ɗauki butarsa, sannan ya ce zai shigo da yamma, akwai maganar gwamnati da yake so ya gyara masa.

A ɗaki Keturah tana kallon taga. Ta ji ƙarar inji, ta ga rassa biyu sun tafi, ta ga sauran suna nan.

"Yaushe suke tafiya?"

"Watan goma. Wani lokaci su kai ƙarshensa."

"Zai tsaya har lokacin?"

Ya buɗe baki, ta ce, "Kada ka ce mini yana hutawa."

"Ban sani ba," in ji shi. "Idan iska ta taso da ƙarfi zan ja gadon zuwa falo."

"Da wannan gwiwar."

"Da ita."

Ta ƙirga da ido, leɓenta yana motsi. Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, iskar farko ta kaɗa labule ba tare da wani ganye ya sanar ba.

"Sheƙa huɗu ce bana," in ji ta. "Juya ni, bayana ya yi zafi. Amma ta wajen taga."